Ɗigon da Ba Fitila Ba: Jinjina ga Nagamani

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini da ta zo mu ji ta, amma ba tatsuniya ba ce, mai ita tana nan da ranta.

Nagamani 'yar garinmu ce, 'yar masunta a gaɓar tekun Kakinada, boko ya kai ta birnin Hyderabad. Kullum da safe za ta ƙulla shinkafarta da miyar tsamiya, ta hau bas, ta je ta zauna gaban hotunan da tauraron ɗan'adam ke aikowa. Haka ta yi ta yi har furfura ta kama ta. Na taɓa ce mata, "Ke dai kallon hoto ake biyan ki?" Ta yi dariya ta ce, "Tsintar shinkafa nake yi, Inna."

Ga yadda ta fahimtar da ni, ni mai shanya kifi. Can sama akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, ido ba ya ganin su, gudu suke kamar harsashi. In ɗaya ta soki idon kyamarar tauraron, sai ta bar farin ɗigo ko zane kamar na allura a hoton, alhali a ƙasa babu komai. Fitilar gaske kuwa haskenta yakan yaɗu kamar mai a tsumma, kuma in aka sake ɗauka tana nan. Tsakuwar da take tsincewa ke nan.

Shekarar babbar guguwa jiragenmu biyu na kamun kifi ba su dawo daga teku ba. Ɗaya da ɗana Simhadri a ciki, an ce ya yi kudu. Ɗayan na Appalaraju ne, ɗan wan Nagamani, yaron da ta goya, ya yi gabas. Jirgin ceto ɗaya ya rage mana, kuma hanya ɗaya zai iya ɗauka. Ofishin Nagamani aka tambaya ina za a nufa.

Sai wani hoto ya shigo wayoyin gari, ga ɗigo fari fat a gabas. Paidamma, uwar Appalaraju, ta kira Nagamani a waya, muna tsaye muna ji.

"Nagamani, kin gani? Fitilar ɗanki ce!"

"Na gani, Yaya. Ba fitila ba ce."

"Ke da tabarau har biyu! Makaho ma ya ga wannan."

"Ya cika kaifi, Yaya. Na duba hoto na biyu, babu shi. Akwai wani haske a kudu, dishi-dishi ne, amma sau biyu ya fito."

"To ki ce musu ba ki tabbata ba mana! Wa zai kama ki?"

Nagamani ta ce, "Na tabbata."

"Bokon banza," in ji Paidamma. "Kin ci shinkafar gidan nan kin sayar da jininki."

Jirgin ceto ya yi kudu. Ya tarar da mutanenmu sun daɗe suna ƙona tsummokara a cikin garwa don a hango su, leɓunansu duk sun tsage. Da aka samu zuwa gabas daga baya, ruwa kawai aka gani.

Nagamani, ke ce kika riƙe gaskiya tana ƙona miki hannu. Kalma ɗaya za ki lanƙwasa, dangi su sa miki albarka, mu kuma mu fasa awarwaron matan 'ya'yanmu, yadda ake yi wa wadda mijinta ya mutu, mu zauna makoki. Na gan ki ranar da kika zo gaisuwa, kina tsaye a ƙofar gidan da aka haife ki, ko ruwa ba a miƙo miki ba. Ni ma kunya ta hana ni matsowa, don nawa ya dawo. Yau da kika ajiye aiki na matso. Na gode, 'yata. Ku kuma yara masu shiga irin aikinta, in ido da zuciya suka saɓa, ku duba hoto na biyu, ku faɗi abin da ke ciki.

Simhadri yana nan, bai ƙara shiga teku ba, raga yake gyarawa. Appalaraju ba a ga ko tsinken jirginsa ba. Paidamma har gobe takan kai wa teku hadayar kwakwa, kuma ba ta gaisa da ƙanwar mijinta. Nagamani ta yi ritaya, idanunta sun raunana, tana zaune ita kaɗai a Hyderabad.