Waƙar Dakan Inna a Fegge

Inna tana da wata waƙa da take yi in tana daka. Labarin wata yarinya ce da ta kai wa wanta fura gona, ta tarar rafi ya kawo, ta shiga, ruwa ya ci ta. Tun daga nan duk karan da aka yanko a bakin rafin, in aka busa, sunanta yake kira. Inna ta ce kakarta ce ta ƙaga waƙar a ƙauyensu na ƙasar Zazzau, yarinyar kuma ƙanwar kakar ce. Aure ya kawo ta Fegge, can ƙasar Ibo, wajen Baba mahauci, ba ta zo da komai na gida ba sai turmi da wannan waƙa.

Ana gab da samun mulkin kai, wata rana da hantsi, maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Ibo mai sayar da busasshen kifi, ta leƙo ta katanga ta saurara, sai ta kama tata da yarensu. Ni a Fegge aka haife ni, ina jin Ibo kamar jakin Kano da Hausa. A tata waƙar ma yarinya ce, doya ta kai wa wanta, kogi ya ci ta, gora ke kuka da sunanta.

Inna ta dube ni. "Ke, me take cewa?"

Da ma na ja bakina. Amma ina aji huɗu, ina ji da kaina. Na fassara mata tas, har da ƙarin gishiri. "Inna, ita ma wai kakarta ce ta ƙaga. Malaminmu ya ce har Turawa suna da irinta. Ashe waƙar taku ta kowa ce."

"To 'yar'uwar tamu da ruwa ya ci, ita ma ta kowa ce?"

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Daga ranar sai dai ƙarar taɓarya. In na roƙe ta, ta ce, "Je ki wajen malaminki ya yi miki."

Ban san wa ya ara wa wa ba. Ko fatake ne suka gangara da ita kudu tare da shanu, ko kuwa kowane kogi yana cin 'yar wani. Masu ilimi su je su ƙarata, ni ban ga abin da sanin ya tsinana mini ba.

Bayan rasuwar Inna na haifi 'yata. Ina jijjiga ta na buɗe baki zan yi mata waƙar gidanmu, sai ta maƙwabciya ta fito, da Ibo, daga farko har ƙarshe. Ta Inna ko baiti ɗaya ban riƙe ba.