Akwatin Hotunan Yaya Habu Mai Majigi

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayana Habu makwancinsa a Ƙaraye, shekara tara kuma da na ɗauki akwatin hotunansa da hannuna na miƙa wa baƙo. Na farko hukuncin Allah ne, na karɓa. Na biyun ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce take shiga ƙauye da farin ƙyalle da injin haska fim, a nuna wa mutane yadda ake zuba taki ko amfanin rigakafi. Yaya ne mai riƙe lasifika yana bayani, daga Ƙaraye har Rogo, tun farkon shekarun tamanin har majigin ya mutu. Amma yana da wata ɗabi'a da babu wanda ya sa shi. In sun isa gari da la'asar, sai ya rataya kyamararsa ya zaga, ya ɗauki hoton masu sussukar gero, da maƙera, da malam da allonsa. In an wanko, ya juya bayan kowane hoto ya rubuta sunan mutum da na ubansa da garinsu. Yakan ce hoton da ba suna maraya ne.

Shi da ya ɗauki ɗaruruwan mutane, sau ɗaya tak aka ɗauke shi, a Kwanyawa, yana jingine da motar majigi. Wannan hoton ma yana cikin akwatin. Matarsa, Yaya Asabe, ba ta da wani.

Mutumin da na ba wa daga birni ya zo, da babbar riga da daɗin baki. Ya ce tarihi suke tattarawa, sati biyu zai dawo da akwatin. Yaya Asabe ta leƙo daga zaure ta ce mini, “Malam, a cire mini na mai gidan tukuna.” Ni kuwa, don kada baƙo ya ga ƙauyancinmu, na ce, “Haba Yaya, sati biyu ne fa.” Kaicona! Lambar da ya bar mini ko sau ɗaya ba ta shiga ba.

Hotunan kam na gan su. Suna yawo a wayoyin mutane, an manna musu tambarin wani shafi a tsakiya kamar mai shafin ne ya sha ranar ɗaukarsu. Na ga na masu sussuka a Ruwan Bago an rubuta wai Kano ce zamanin Turawa, wani Bature ya ɗauka. Bature! Wato a wurinsu Bahaushen Ƙaraye bai isa ya riƙe kyamara ba. Ga Malam Idi maƙeri na Kafin Dafga, wanda 'ya'yansa suna nan da ransu, an sa masa “wani mutum”. Mutane na ta yabo a ƙasa, Allah sarki zamanin da. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi wannan ba adana tarihi ba ne, sata ce, kuma ɓarawon ma malalaci ne, tunda juya takarda ya karanta bayanta ya gagare shi.

Da Yaya zai ga wannan, na san ba sunansa zai fara nema ba. Cewa zai yi, ina sunayen mutanena? Sannan ya juyo ya dube ni, ni da na san darajar abin na bayar don kunyar baƙo.

Me ya rage nasa? Tsofaffin da har yau in na ratsa kasuwar Rogo suke ce mini ƙanin mai majigi, suna yi masa addu'a. Allah ya kai haske kabarinsa. Sauran yana hannunka, kai mai babbar riga, in kana karanta wannan. Riƙe yabon, ba ma so. Dawo da akwatin, ko ka aiko da hoto ɗaya, na mutumin da ke jingine da mota.

Shekara tara duk zuwan da zan yi gaishe ta, Yaya Asabe sai ta tambaya ko an kawo. Tun bara yanar ido ta fara rufe mata gani. Ranar Juma'ar da ta wuce na je, muka gaisa, na zauna ina jiran tambayar. Ba ta yi ba. Da na miƙe zan tafi ta ce, “Malam, ka daina wahalar da kanka. Ko an kawo yanzu, sai dai kai ka duba mini.”