Abin da Auta Ya Rufe a Cikin Jirgi

Auta ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a gidansu har yau Auta ne. A titi kuwa Mai Agogo ake ce masa. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai sayar da caja, in ya miƙe hannuwansa sai ya taɓo bango da bango. Nan yake wuni, tabarau mai ido ɗaya maƙale a fuskarsa, hantsaki a hannu, yana tonon cikin agogunan mutane.

Su biyu Mama ta haifa. Babban, wanda take kira Sojana tun kafin ya san mene ne soja, shi ya zama matuƙin jirgin yaƙi. Auta ya tashi cikin rigunan da Yaya ya gama da su da takalman da Yaya ya buɗa, har burin tuƙin jirgi ma a wurin Yaya ya gada. Da lokacinsa ya yi ya je gwajin shiga, ya ci gudu, ya ci lissafi, sai aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Shi bai ga lamba ba. A ranar ya san idonsa ba ya raba ja da kore. Da ya dawo gida ya faɗa, Mama tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, ai ɗaya ya ishe ni a sama," ta ce. "Kai ka zauna a ƙasa, in na aika a je."

Wataƙila lallashi take nufi. Auta dai bai ji shi a lallashi ba. Ya zauna a ƙasa kuwa. Shi ke gyara mata famfo, shi ke kai ta asibiti, shi ke ɗiga mata magani tun da hawan jinin ido ya cinye na hagu ya fara lasar na dama. Amma hoton da ke saman kabad a falonta na Yaya ne, cikin kayan tuƙi, hular kwano a hammata.

Jirgin ma Yaya ne ya kawo. Ya dawo daga wata tafiya, ya dire wa Auta wani kwali a kan teburin shago. A ciki akwai sassan jirgin yaƙi na roba, irin wanda yake tuƙawa, a ɓalle su a haɗa da gam, in an gama tsawonsa bai wuce damtsen mutum ba.

"Ga naka jirgin, Auta," ya ce yana dariya. "Wannan ba a gwada ido kafin a ba mutum."

Mai aski ya taya shi dariya. Auta ma ya yi, ya tura kwalin ƙarƙashin tebur, ya bar shi ya sha ƙura shekara da shekaru.

Sai da aka fara maganar Yaya zai ajiye aiki sannan ya jawo shi. Fukafukai lafiya, ganga lafiya, amma mazaunin matuƙi abin haushi: wani ɗan kwarmi ne da dunƙulen roba wai ita ce kujera. Auta ya kankare dunƙulen da reza ya yar, ya tara hotunan cikin jirgin a wayarsa, ya ce komai da hannunsa zai yi.

Da rana, in ciniki ya lafa, sai ya ture agoguna gefe. Bel ɗin kujera ya yanko shi daga farar takardar ƙarfen da ake rufe ƙwayar magani da ita, matarsa ke tattaro masa daga kemis ɗin da take aiki. Ƙarfen ɗaure bel ɗin ya lanƙwasa shi daga siririn sifirin na mataccen agogo. Tiyon iskar shaƙa kuwa, wayar cikin tsohon iyafis na sawa a kunne ya naɗa a jikin allura, zagaye kan zagaye, ya zare allurar. Ya huda wa kowane agogon gaban matuƙi gurbinsa, ya ɗiga masa man shafa wa farce mara launi don ya yi ƙyalli kamar gilashi. Wani abin in ya kuɓuce daga bakin hantsaki ya faɗi ƙasa, ya tafi ke nan, sai a sake wani. Mai aski ya kan leƙo ya same shi a durƙushe yana laluben siminti.

"Mai Agogo, me ya ɓace? Jirgin ne ya tashi ba ka ciki?"

Fenti ne kaɗai ya fi ƙarfinsa. Matarsa ce ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta rubuta a murfi: ja, kore, ruwan ƙasa. In ya shafa sai ya kai mata ta duba.

"Injiniya," ta ce wata rana, ta sa tabaransa tana leƙen ɗan kwarmin, "wannan duk wa zai gani? In ka haɗa gangar nan ai rabinsa ya shige duhu."

"Ta saman gilashi za a gani."

"Wa zai gani, na ce."

"Don Yaya nake yi."

"Uhm," ta ce, ta miƙa masa tabaransa.

Ba don Yaya yake yi ba, su biyun sun sani. Idon Mama na dama yana gani in an kai abu kusa, a bakin taga, da hasken rana. Likita ya ce ba zai daɗe ba. Abin da Auta ke so bai taka kara ya karya ba: ta sa tabaransa, ta leƙa cikin ɗan wurin nan da bai fi kwalin ashana ba, ta ga abin da hannun nan da ta bari a ƙasa ya iya, ta faɗa da bakinta sau ɗaya tun idon yana nan. Can ƙasan wannan kuma akwai wani abu da ko shi ba ya son dubawa. Yaya zama kawai ya yi a kujerar da wasu suka ƙera masa. Shi kuwa ya ƙera ta.

Ana saura 'yan kwanaki walimar da Mama ta shirya wa Yaya a falonta, Auta ya je ɗiga mata magani. Ya tarar da maƙwabciyarta a zaune, ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya ji Mama tana cewa:

"Jirgin Sojana ne, shi ya sayo abinsa tun tuni. Auta ne ke ɗan liƙa masa. In an gama a kai masa gida ya ajiye."

Ɗan liƙawa. Auta ya shiga ya gaishe su, ya buɗe mata ido da yatsa biyu ya ɗiga maganin. Da zai fita ta ce masa kada ya manta fitilar bayi ta mutu.

Washegari abu ɗaya ya rage: rufin mazaunin matuƙi, wata 'yar roba mai haske kamar gilashi. A kan teburin akwai gam iri biyu. Ga farin gam na kafinta, mai jinkirin kamawa, amma in ya bushe sai ya ɓace kamar ruwa. Ga kuma sufa gulu, mai kamawa nan take, wanda tururinsa ke bin gilashi ta ciki ya mayar da shi fari fat. Duk titin nan babu wanda ya kai Auta sanin wannan. Sau nawa ake kawo masa agogon da mai shi ya liƙe gilashinsa da sufa gulu a gida, fuskar ta dushe, ya yi ta yi wa mutum faɗa?

Ya daɗe yana kallon cikin kwarmin ta tabarau. Bel ɗin ya kwanta a kan kujera kamar yanzu wani ya kwance shi ya fita. Ya hango abin a falon Yaya, baƙi suna leƙawa, Yaya yana nuna musu da yatsa yana cewa nan nake zama. Ya miƙa hannu ya ɗauki sufa gulu. Ya zagaye bakin rufin da shi, ya ma fi yadda ake bukata, ya danna, ya riƙe. Ya gaya wa kansa lokaci ne ya ƙure.

Kafin ya rufe shago farin ya fara hawa daga gefe. Da gari ya waye ya rufe ko'ina.

Ranar walima falon Mama ya cika da dangi. Yaya ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, muryarsa dai tana nan ta cika ɗaki.

"Auta! Ina jirgin? Ko har yanzu yana gareji?"

Auta ya zare ƙyallen da ya lulluɓe shi. Aka yi ta yabo, fentin ya kwanta, lambobin sun zauna, kamar a hura masa rai ya tashi. Matarsa kuwa rufin ta kalla, sannan ta kalli mijinta.

Mama ta ce a kama ta a kai ta bakin taga. Ta zauna, ta miƙo hannu biyu.

"Kawo nan. Ba ni abin idon nan naka ma. Matarka ta ce aikin duk a ciki yake, wai har bel ka yi wa kujera da takardar magani. Na ce to, kada kowa ya ba ni labari, da idona zan ga aikin Auta tun ina da sauran gani. Yau ko barcin rana ban yi ba don kada ya yi mini nauyi."

Auta ya matso kusa da ita. Ya ciro tabaran daga aljihu ya sa mata. Ta kai jirgin har yana taɓa hancinta. Ta juya shi ga haske, ta matso da shi, ta nisanta, ta goge idon da bakin mayafi ta sake gwadawa.

"Fari kawai nake gani," ta ce a hankali. "Kamar hayaƙi." Ta sauke jirgin a cinya. "Ashe na makara. Idon ya tafi ban sani ba."

Magana ɗaya ce za ta fitar da ita daga wannan: Mama, ba idonki ba ne, ni na ɓata gilashin. Auta ya buɗe baki. Ya ga dangi a jere, ya ga dariya a shirye a bakin kowa, ya ji tambayar da za ta biyo baya, wai kai da gilashi ne sana'arka? Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Yaya ne ya taso. Ya durƙusa kusa da ita, ya karɓi jirgin, ya dubi farin rufin, ya ɗago ya dubi ƙaninsa ido cikin ido. Sannan ya kai fuskarsa jikin robar kamar mai leƙe.

"Bari in gano miki, Mama. Kai! Ga kujerar nan, ga bel ya sauko ta kafaɗa biyu ya haɗu a ciki. Ga tiyon iska ta dama. Ga mariƙin nan mai rawaya da baƙi a tsakanin ƙafafu, wanda in abu ya ɓaci ake ja. Ga agogunan gaba, na tsayi a sama, na mai a ƙasa. Har matakan ƙafa ya sa, can ciki."

Ba ya ganin komai, daga kansa yake karantowa. Kuma duk abin da ya ambata yana ciki, a daidai inda ya ce. Auta ya tsaya yana jin ana lissafa aikin hannunsa ɗaya bayan ɗaya da muryar wani. Rufa masa asiri Yaya yake yi, ko kuwa ya samu wani filin ne ya sake zama shi kaɗai mai gani? Har yau Auta bai raba wannan ba.

Mama tana gyaɗa kai, hawaye na bin gefen idon da ya rage. Ta lalubo kan Yaya ta shafa sanƙon.

"Allah ya yi maka albarka, Sojana. Ko a nan ma kai ne idona." Ta ɗan juyo. "Auta, sannu da ƙoƙari. Ɗora shi kusa da hoton."

Ya ɗora.

A hanyar komawa gida shi da matarsa suka wuce shagon a rufe. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle shi ba:

"Ni na saya maka farin gam ɗin nan. Ko buɗe shi ba ka yi ba."

"Lokaci ne ya ƙure."

"Gobe in ka je ɗiga mata magani sai ka gaya mata haka. Mama ta ce mini ta daina ɗigawa, wai ɓarnar magani ce."

Gobe ta yi, ya je. Mama ta kawar da kai, ya lallaɓa ta ta yarda ya ɗiga, tana cewa don dai kada ransa ya ɓaci ne. Jirgin yana saman kabad, rana ta faɗo a kan farin rufinsa. Ya rufe kwalbar maganin, ya tsaya a tsakiyar falon kamar mai shirin magana.

"Akwai wani abu ne, Auta?"

"A'a, Mama," ya ce. "Fitilar bayin zan duba."