Uban Taro na Bakin Kwari

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Sai in yi ta neman hula alhali tana kaina, in kira jika da sunan ubansa. Amma akwai yini guda da na tabbata ko me zan manta shi ba zan manta da shi ba, wato ranar da na zama uban taro a bikin gabatar da ɗan takara, ni da ko a gidana sai uwargida ta ga dama nake shugabanci.

Sana'ata facin taya. Na yi ta a bakin titi a Nasarawo, nan cikin Gombe, tun ana kawo mini kekuna, aka koma acaɓa, har keke mai ƙafa uku ya zo ya same ni da furfura. Boko kuwa aji biyu na yi, na biyun ma rabinsa a kan mangwaron makaranta na yi shi. Gidana shi ne na ƙarshe a layinmu. Da can akwai gidaje a bayana, kwari ne ya cinye su ɗaya bayan ɗaya har layi ya ƙare a kaina. Lokacin da na sayi filin, 'yar hanyar ruwa ce da yara ke tsallakawa. A shekarar da nake ba ku labari ta zama ramin da in akuya ta faɗa sai dai a jiyo kukanta. Daminar da ta gabata kwarin ya tafi da katangar baya da rabin banɗaki, ya tsaga ɗakin uwargida, dole ta kwaso gadonta ta dawo ɗakina, abin da rabonta da yi tun muna da haƙora. Kowa ya san damina ɗaya ta rage wa gidan. Ba ni da wani fili, ba ni da halin haya. Na je ofisoshi an ce in rubuto, na sa an rubuta an ce ana dubawa.

To, 'yan acaɓa da 'yan keken unguwa suna da kulob ɗinsu na siyasa. Ciyaman ɗinsu ɗan maƙwabcina ne, yaron da tun yana yawo ba wando nake yi masa facin ƙwallo, Kawu yake ce mini. Suka samo wani malamin sakandare mai neman kujerar majalisar jiha, suka ce za su yi liyafa su gabatar da shi ga jama'a. Filin da ya rage a unguwar kuwa shi ne na gefen gidana. Ana gobe taro suka kafa kanofi, suka jera kujeru, sannan suka ɗauro wani ƙaton ƙyalle mai hoton ɗan takara tun daga dogonyaron ƙofar gidana har turken wutar lantarki. Da na tsaya a cikin filin na duba, babu gidana, babu kwari, sai mutum yana murmushi.

Ciyaman ya ja ni gefe, ya ce, “Kawu, alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe ranar gabatarwa ce, ba ranar koke ba. Manyan baƙi za su zo, kada a ce kulob ɗinmu na maroƙa ne. Don Allah kada ka ambaci kwarin nan.”

Na ce, “In ni na yi shiru, shi kwarin zai yi shiru?”

Ya ce, “Kawu, na san halinka. Yi mini alkawari.”

Na ce na yi alkawari kalmar kwari ba za ta fito daga bakina ba. Sai da ya sa na maimaita. Ban ga laifinsa ba, yaro ne yana neman a san da shi, amma abin bai yi mini daɗi ba.

Washegari bayan la'asar na ciro farar babbar rigar da na ɗinka a bikin autata, na kafa zanna, na ɗauki sanda. Ba zan ɓoye muku ba, shinkafa da kaza na je nema, don na ji ƙamshi tun hantsi. A bakin kanofi sai ga 'yan mata da anko suna tarbar baƙi, mutanen ɗan takara ne daga unguwar Arawa, ba wadda ta san ni. Ɗaya ta russuna ta ce, “Sannu da zuwa Baba, ku ne uban taro?”

Ni a lokacin wallahi ban san uban taro muƙami ba ne da ake ba wani babban mutum har a buga sunansa a kati. Na ɗauka zolaya ce irin ta jikoki. Na waiga na ga duk wanda ke wurin na san ranar sunansa. Na ce, “'Yata, duba da kyau, kin ga wanda ya girme ni a nan?”

Sai kawai ta karɓi sandata ta yi gaba, ina biye, har babban tebur. Ta zaunar da ni a wata kujera mai laushi da ta haɗiye ni har gwiwoyina suka kusa taɓa gemu. Aka dire mini lemo mai sanyi. Na kusa da ni ya miƙo hannu biyu, na ɗaga kai na ga fuskar da ke jikin ƙyalle, sai dai a fili ya fi rama. Ya ce, “Baba, mun gode da wannan karamci.” Na ce, “Ba komai ɗana, aikinmu ne.” Ban san wane aiki ba.

Ciyaman yana can yana fama da janareto. Da ya dawo ya hango ni, sai da ya murza ido. Ya zo ya sunkuya a kunnena, “Kawu! Me kake yi a nan? Kujerar Alhaji ce!” Bai rufe baki ba mai kujera ya iso, wani dogon Bafulatani, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, daga gidajen da suka daɗe a Gombe. Kowa ya miƙe. Ni ma na yunƙura, kujera ta ƙi sakina. Alhaji ya tsaya a kaina, ya ƙare wa zanen fuskata kallo, don iyayena Barebari ne kuma sun rubuta hakan a kumatuna da kyau. Sai ya ɗaga murya, “Wa ya kwance Babarbare har ya hau kujerata?”

Nan na ji sanyi a raina, don tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kakanni, komai girman mutum. Na ce, “Ranka ya daɗe, labari muka ji shanu sun ɓace maka a daji, muka ce kada kujera ta huce.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Ku bar bawana ya zauna, ku kawo mini ta roba. Amma da sharaɗi, wanda ya ci kujera shi zai yi jawabi. Yau zan ga ƙarshen bakin Babarbare.”

Aka buɗe da addu'a, aka yi kiɗa, aka karanto makarantun da ɗan takara ya yi, masu yawa har na fara gyangyaɗi. Can sai na ji mai gabatarwa ya ce, “Yanzu sai jawabin uban taro.” Aka danƙa mini makirfo. Samari biyu suka ciro ni daga kujera. Ta wata 'yar kafa a gefen ƙyalle na hango hayaƙin murhun uwargida yana tashi. Sai na tuna duk ofisoshin da na zauna a bencinsu ba wanda ya dube ni, ga shi yau manya sun yi shiru suna jiran abin da zan ce, kuma daga yau ba za a sake ba. Ga kuma ciyaman a gabana ya haɗa hannuwa yana roƙona da ido.

Na yi sallama, na ce, “Jama'a, ni ban yi boko ba, amma na san duk taron da yake da uba to yana da uwa. Uwar taron nan tana bayan ƙyallen nan, ciwon ƙafa ya hana ta fitowa. Ɗan takara, a garin nan yaro ba ya gaida uba ya tsallake uwa. Tashi mu je ka gaishe ta.”

Wuri ya kaure da tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ciyaman ya riƙo hannun rigata, “Kawu, alkawarin fa?” Na ce, “Ka ji na kira sunan wani abu?”

Na ɗaga gefen ƙyalle, ɗan takara ya sunkuya ya shiga, Alhaji ya bi shi, makaɗa da sauran jama'a suka biyo. Uwargida tana zaune a tabarma tana tankaɗe. Da ta ga taro ya cika mata tsakar gida, ni a gaba, sai ta saki rariya ta ce, “Innalillahi! Malam, wa ka zaga kuma?”

Ɗan takara ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Da ya miƙe sai idonsa ya kai inda katanga take a da. Ya taka a hankali har baki, ya leƙa. Dakalin banɗaki yana reto a sama, ba komai a ƙarƙashinsa. Kiɗa ya mutu da kansa. Alhaji ya dubi tsagar ɗakin, wasa ya bar fuskarsa, ya ce, “A gidan nan kuke kwana?”

Uwargida ta ce, “A nan, Alhaji. In hadari ya haɗo, a zaune muke, takalma a ƙafa.”

Na tsaya ina jiran in ji an ce an gama, gobe za a turo injiniya, irin maganar da muka saba ji. Sai ɗan takara ya ce, “Baba, in na ce zan gyara wannan na yi maka ƙarya. Babban aiki ne na gwamnati, ko na ci sai dai in yi ta magana a kai. Abin da ni zan iya ban sani ba tukuna. Amma na gani.”

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan bai iya siyasa ba, ko ƙarya mai daɗi ai mutum ya samu ta yin barci. Aka koma aka ci kaza, ban ji daɗinta ba, ko da yake ban rage ba.

Zaɓe ya zo, na dangwala masa, uwargida ta dangwala masa, ya sha kaye. Kulob ya watse, wasu har sun canza hula. Ciyaman ya daina tsayawa gaishe ni, sai dai ya ɗaga hannu daga kan babur. Zafi ya tsananta, gabas ta fara yin baƙi da yamma. Uwargida ta soma ɗaure tukwane za ta aika gidan ƙanenta a Barunde, ni kuwa ban san inda zan aika kaina ba.

Wata Asabar da safe na ji ƙugin tifa a ƙofar gida. Na fito na ga ana juye yashi da duwatsu. Ga ɗan takara da tsohon wando da silifa, yana sauke wasu ɗaurarrun kaya daga a-kori-kura. Buhuna ne sababbi fil, kowanne da fuskarsa. Ashe ya buga su ne don rabon shinkafar kamfen, ya yi rabon farko, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya cika sauran. Ya ce, “Baba, na faɗi. Ba ni da ofis, ba ni da kujera. Amma ina da buhu.”

Yashi da dutsen Alhaji ne ya aiko. Shi ma ya zo, aka kafa masa kujerar roba a inuwar dogonyaro, ya ce ya zo ne ya ga bawansa yana gumi. Can sai ga ciyaman da yaransa sun jera babura. Bai dube ni ba ya ce, “Kawu, ka kunyata ni a gaban baƙi, ban huce ba. Ina shebur?” Matan unguwa da suka samu rabon farko suka riƙa dawo da nasu buhunan da suka cinye shinkafar ciki. Asabar bayan Asabar ana cikawa, ana ɗinkewa, ana jerawa hawa-hawa daga gindin kwari zuwa bangon gidana, aka dasa ciyawar jema a tsakani don saiwarta ta riƙe ƙasa. Ɗan takara ya ce, “Ku riƙa juya fuskar ciki mana, kunya nake ji.” Na ce, “A'a ɗana, a bar ta waje, ruwan ya san da wa yake faɗa.”

Ruwan farko mai ƙarfi da rana ya sauka. Muna zaune a zaure, takalma a ƙafa, muna jin kwari yana ruri. Da aka ɗauke na lallaɓa na leƙa. Ga ɗan takara nan a jikin buhuna, a jere tun daga sama har ƙasa, ya sha laka, yana murmushi, ko ɗaya bai gusa ba. Na zauna a wurin na yi kuka, na ce wa uwargida yashi ne ya shiga idona. Buhunan nan, ana yi ana sabunta su, su suka riƙe mu har gwamnati ta zo da aikin siminti. A gidan nake har yau.

Malamin bai sake takara ba, ya koma ajinsa. Duk sallah yana zuwa gaida uwar taro. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, tun daga ranar ba wanda ya ƙara kirana bawa, kuma ban san zan yi kewar zagi ba sai a kansa. Ciyaman ya huce, shi ne ma ya liƙa mini sunan, yanzu ko yara in za su kawo facin ƙwallo sai su ce a kai wa Uban Taro.

Na tsufa ina auna mutane da zaƙin alkawarinsu, shi ya sa na raina wanda ya dubi idona ya ce ba zai iya ba. Shi ne ya dawo, a lokacin da ƙuri'ata ba ta da sauran amfani a wurinsa. Tun daga nan in mutum ya faɗa mini iyakar ƙarfinsa nakan matsa masa a tabarma, in kuwa ya ce an gama tun bai duba ba, sai in ce Allah ya ba da sa'a in ci gaba da facina. Buhu ɗaya na ɓoye don tarihi, uwargida ta gano shi, yanzu busasshiyar kuɓewa take zubawa a ciki. Na yi magana, ta ce ai mutumin ya saba riƙe mana gida.