Gyaran da Mai Caji Ya Yi wa Inna

Ƙanena ya rasu a hanyar Watari, mota ta kwashe shi da buhun taki a bayan babur. Wayarsa ce kawai ta dawo gida ba ko ƙwarzane. Inna ta karɓe ta, ta sa a kwallar da take ajiye turare, ba wanda ya isa ya taɓa sai ni.

Marigayin ba mai son hoto ba ne. Ka bincike wayar kaf, ba fuskarsa ko ɗaya. Abin da ya bari yana cikin burauza, manhajar nan da ake shiga intanet da ita: shafukan da ya buɗe bai rufe ba. Akwai injin ban-ruwa da ya daɗe yana hange, akwai tsutsar tumatir, akwai wani bayani kan ciwon gwiwa. Inna ba ta karatun boko, amma ta san na gwiwar dominta ya nemo. Bayan la'asar takan ce, "Zo ka buɗe min abin da yake dubawa." Sai in zauna ina murzawa, tana kallo.

Garinmu ba wuta. Ran kasuwa ake tattara wayoyin gida a kai wa mai caji, wani magidanci mai janareto a bakin tasha. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai hannunsa da ƙaiƙayi. Kuma haka kasuwarmu take: ka sayi gero a yi maka gyara, ka sayi mai a ɗiga maka ƙari. Shi ma da ya ji wayar ta uwar mamaci ce, sai ya ga bai kamata ta tafi haka nan ba gyara ba.

Da na je karɓa, ya tare ni yana washe baki. "Malam, na sa wa Inna sabuwar burauza, kwanan nan ta fito. Tsohuwar na cire, ta cika nauyi. Wannan ba ta cin data, tana toshe talla, ga baƙin allo don kada ido ya gaji. Kuma da ka fita take share komai da kanta, ba mai sanin abin da ka duba."

Na buɗe. Wayam.

Na ce, "Wa ya aike ka? Caji na kawo ko kwaskwarima?" Raina ya ɓaci ƙwarai, na zazzage masa tas a gaban jama'a. Ya yi ta danne-danne, gumi na tsiyaya, daga ƙarshe ya ce marigayi bai taɓa haɗa burauzar da imel ba, don haka babu inda aka adana komai.

A hanya na tsaya gindin wata tsamiya inda ake samun sabis. Na nemo inji, na nemo tsutsa, na nemo gwiwa, na jera su yadda na tuna, na riƙe wayar a buɗe har gida don kada su goge.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Injin nasa ja ne. Wannan kai ka buɗe."

Na gaya mata yadda aka yi. Na so ta yi faɗa, ko ta yi kuka in samu abokin ɓacin rai. Cewa ta yi, "Alheri ya nufa, Allah Ya saka masa." Sannan ta miƙo min wayar.

"Kai wa matar ƙanenka, yaransa sa yi wasa da ita. Ba kowa a ciki."