Agogon da Ya Tona Asirin Hannuna

Malam Edita, tun kafin masu karatu su wahalar da kansu wajen neman wawan wannan labari, ga shi nan yana rubuto muku. A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata har Yawunde ta yi tsit, ni tela ne a unguwar Birikiteri, mai shago ɗaya da keke ɗaya da baki kamar rediyo. Boko kuwa aji uku na yi aka sallame ni cikin mutunci, amma ban taɓa bari wannan ya hana ni koyar da mutane ba.

Ciwona agogo ne, kuma ba kowane iri ba, na masu nutso a teku, mai nauyi kamar dutsen guga, da zobe mai juyawa a bakinsa. Ni da ban taɓa ganin teku ba, ko Kiribi da ke bakin tekun ban je ba, ruwa mafi zurfi da na shiga shi ne kwatar ƙofar gidanmu in an yi ruwan sama. A lokacin kowa ya koma agogon batir mai ƙiftawa, sai ma'aikatan da suka kasa karɓar ɗinkinsu suka riƙa cire tsofaffin nasu suna bar mini a madadin kuɗin ɗinki. Na tara su cikin gwangwanin alewa. Kullum da la'asar ina majalisar masu tsire ina ba da darasi: yadda aka fara da agogon aljihu mai ɗan mabuɗi, aka zo kan na wani da yatsa, sannan wani mai kai ya sa roba da murfi mai murɗewa ruwa ya rasa ƙofa. Na ƙarshe, sarkinsu, shi ne wanda aka sa wa ɗan ƙarfe kamar rabin wata a ciki, yana lilo da motsin hannu, yana wana kansa. Irinsa ne a hannuna. Nakan tsoma hannun cikin bokitin mai shayi don a gani, in ce wannan ba ya cin batir, gumin mai shi yake ci. Uwar 'ya'yana ta ji wannan huɗuba har ta haddace.

To sai ɗinki ya ɗauke ɗif. Ban faɗa a gida ba. Ita tana soya makala, wato fanken da ake ci da kunu da safe, da shi ake rufa mana asiri, ni kuma kowace safiya in saɓa babbar riga in fita da sauri kamar ana jirana. In na isa shago sai in rungume hannu in jingina da bango, in yi gyangyaɗi har azahar. Ba a jima ba sarkin agogo ya fara ja da baya, wata rana ma ya tsaya cak. Na san dalili sarai, ai ni na koya wa unguwa. Ma'aikatar Suwis da ta ƙera shi ba ta yi ƙarya ba: hannun da ba ya aiki, agogonsa ba ya tafiya.

Mai hankali zai faɗa wa matarsa gaskiya. Ni sai na ƙirƙiro dabara: in faki ido in riƙa kaɗa hannun hagu. Ina tafiya ina kaɗawa, ina jiran a kawo tuwo ina kaɗawa a ƙarƙashin riga, in an juyo in daina. Ashe ana gani. Maƙwabciyarmu ta rantse wa uwar 'ya'yana cewa haka ciwon kawunta ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Aka fara da rubutu, na sha. Aka kawo wata saiwa daga wajen wata Bafulatana a Ekudu, mai ɗacin da ya sa na ga kakannina, na shanye ina godiya. Aka hana ni tsire, aka hana ni gishiri. A masallaci tsofaffi suna matsa mini hannu a hankali suna cewa Allah ya sa kaffara ne. Abin kunya, har daɗin jinyar na fara ji, don rabon da a lallaɓa ni haka tun ina ango.

Ranar da wasa ya ƙare, na dawo na tarar ta wanke babban kaskonta na suya ta ɗaure shi da igiya. Na tambaya, ta ce gobe za ta kai shi kasuwar Mokolo ta sayar, ta kai ni lopital, wato asibiti, a duba jijiya, don ba za ta zauna tana kallon hannun da ke ciyar da gida yana lalacewa ba. Hannun da ke ciyar da gida! Kaskon nan shi ne abincinmu, ni na sani. Nan na zauna a kan turmi na faɗi komai, tun daga gyangyaɗin shago har zuwa kaɗa hannu. Na shirya wa kuka ko faɗa. Sai ta dube ni, ta dubi agogon, ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, tana tambaya wai duk ɗacin nan saboda ƙarfe na shanye shi.

Da safe ta ce in miƙo shi. Ta ɗaura a damtse don ya yi mata yawa, ta shiga bugun ƙullu. Malam Edita, agogon nan bai ƙara tsayawa ba. Har zoben da masu nutso ke auna sauran iskarsu da shi ta mayar na auna tashin ƙullu. Da na nemi a dawo mini da kayana, ta ce yana nan a bakin robar ƙullu, duk mai so ya zo ya karɓa a can. Haka na tuɓe babbar riga na koyi bugun ƙullu a bayan gida, na ƙara wasu daga gwangwani a hannu ɗaya, duk suna tafiya kamar sojoji. Muka ƙara kwano, muka ƙara masu saye, muka fita kiriz da ƙiba. 'Yan majalisa sun yi mini waƙa, na kuwa ci tsirena da gishiri.

Don haka ina jan kunnen magidanta: in aiki ya tsaya, ku faɗa a gida tun kafin a fara jiƙa muku saiwa. Matan nan sun fi mu iya ɗaukar labari mara daɗi, abin da ba sa yafewa shi ne a bar su suna tausayin ƙarya. Kuma kada mutum ya koya wa iyalinsa sirrin na'urar da za ta iya ba da shaida a kansa.

Kwanan baya ina nuna wa wani baƙo agogon, na ce masa ya yi shekaru bai tsaya ba, saboda ƙwarewar mutanen Suwis da kuma hannun mai shi. Daga kicin sai na ji an ce: “Malam, gaya masa dai hannun wa. Kai kanka kamar agogo sai da na yi maka wani kafin ka tashi.”