Kilishin da Ya Jira Fatawa

Mu mahauta ne kaka da kakanni, kuma a gidanmu ba a san magana a hankali ba. Wanda ya tashi a rumfar nama ta kasuwar Sakkwato gani yake duk wanda ya fi ƙarfin maƙogwaro shi ne mai gaskiya. Da wannan maƙogwaron na shiga karatun ilimi, da gemuna da matata. Na iya babin yanka kafin kowane babi, sai na ɗauka na zama wani abu.

Wata safiya saniyar da babana ya saya a hannun Fulani ta kuɓuce, ta faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini a bayan unguwarmu, ƙafarta ta baya ta karye. Babu lokacin kiran mai yanka. Baba ya dira ramin, ya fuskantar da ita alƙibla, ya yi bisimilla ya sa wuƙa, ni ina riƙe da ƙaho. Jini ya yi tsartuwa har gaban rigata, ta yi harbi sau uku.

Labari ya riga mu zuwa masallaci, kuma a kan hanya ƙafa ta zama gadon baya. Aka gaya wa limamin unguwa, tsohon da ya raɗa mini suna, cewa bayanta ne ya karye, lakarta ta tsinke tun kafin wuƙa. Bayan sallar azahar ya juyo ya ce wa jama'a, "Wagga saniya mushe ta. Kada kowa shi ci."

Ina sahu na uku. Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ba haka ba na! Malam bai gani ba, ni nig gani!" Haka na faɗa, da muryar kiran mai saye. Liman ya dube ni, ya maimaita maganarsa a hankali, ya tashi ya shiga gida.

Kafin magariba sarkin pawa ya aiko cewa baba ya ajiye wuƙa sai magana ta warware. Wanda ba mahauci ba ne ba zai gane nauyin wannan ba. Mahaucin da aka ce ya sayar da mushe ya gama, har jikansa sai an yi masa gori. Baba ya yanyanka naman fale-fale ya shanya a kan asabari don kada ya lalace, ya ce, "In halal ta, mutane su ci. In mushe ta, karnuka su ci mai yaji." Sannan ya soke wuƙarsa a jikin azarar zaure. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin wuƙar nan ta wuni a sama ba, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Goggona, yayar baba, ita ta kira ni washegari. Ta yi zaman aure mai tsawo a gidan wani malami har ya rasu, kuma ɗakinta bango ɗaya ne da zauren da malamai ke muhawara. Takan ce ta yi karatu ta kunne, tana kaɗi.

"Mi kac ce ma liman?"

"Gaskiya nih hwaɗa mai, Goggo."

"Gaskiya ta. Amma ka jehe shi da ita awa dutsi, gaban mutanen da ka bin shi salla. Yanzu in yak koma baya, ya bi maganar ɗan pawa ke nan. Ka rufe mai ƙohwa, kana son shi hita."

Na ce to me zan yi, in yi ƙarya? Ta ce a'a, in zauna. Ta zama liman, ni na zama ni, kuma duk lokacin da na ɗaga murya sai ta ƙwanƙwasa mini mazari a gwiwa.

Ta ce a zauren malamai ba a faɗa wa magana kamar akuya ta ga dusa. Sai ka ce, "Allah shi gafarta malam, a ba ni izini," ka jira. In an ba ka, kada ka taɓa taka maganar tukuna. Ɗauki tasa ka maimaita masa, ka gyara ta ta fi yadda ya faɗe ta kyau: "In na fahimci malam, cewa ya yi kaza." Ba ka matsawa sai ya ce haka ne. Sannan ka ce, "Gaskiyar malam," ga abin da yake gaskiya a ciki, don da wuya babba ya yi magana babu gaskiya ko kaɗan. Wannan ne ya fi ba ni wuya. "Ba haka ba ne" kuwa ta hana ni ita sam. A madadinta ta ba ni, "Akwai abin da ya shige mini duhu." Ka kawo hujjarka a matsayin tambaya, ka yi shiru, ka bar shi ya amsa da bakinsa.

Na ce wannan ai fadanci ne. Ta ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba na. Kai nasara kaka so, ko wuƙar ubanka?"

Rana ta uku bayan la'asar na tafi zauren liman, baba yana biye da ni da kilishi a ƙunshe. Zauren cike yake. Na tuɓe takalmi, na zauna can bakin ƙofa, na jira har aka gama darasi. Na nemi izini. Liman ya ɗaga hannu, ya ba ni.

Na ce in na fahimci malam, dabbar da ta faɗo har lakarta ta tsinke, yanka ba ya halatta ta, ko da tana motsi. Ya ce, "Haka na." Na ce gaskiyar malam, haka muka karanta. Na ce akwai abin da ya shige mini duhu: in ƙafa ce kawai ta karye, baya lafiya lau, jini ya yi tsartuwa, ta yi harbi, me za a ce? Sai na kama bakina. Shirun nan ya fi riƙe ƙahon saniya wuya.

Liman ya shafa gemunsa. "Wannan halal ta, ba shakka. Wa yag ga bayan?" Mutum biyu da suka taya mu fiɗa suka ce sun gani, lafiya yake. Ya ce, "To ai abin da nike hwaɗi ke nan. Allah shi na masani." Jama'a suka yi ta cewa Allah ya ƙara wa malam basira. Ba wanda ya dube ni, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai.

Liman ya sa aka kwance ƙunshin. Ya tsinki kilishin ya sa a baki a gaban kowa, ya yi ta fama da shi da 'yan haƙoran da suka rage masa har ya haɗiye.

Da zai fita masallaci na juya masa takalmansa. Ya dafa kafaɗata kamar mai neman madogara, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Da haka kaz zo ran hwarko, da naman ga bai bushe ba."

A hanyar gida baba yana gaba ina baya. Da muka shiga zaure ya miƙa hannu ya zare wuƙar daga azara, ya duba bakinta, sannan ya miƙo mini ita ta wajen ƙota.

"Wasa muna ita," ya ce. "A hankali."